Yadda Cocin Katolika ya ƙirga ƙuri'un ƙasar Kongo

Ranar Alhamis 3 ga Janairun 2019, wani limamin Katolika mai suna Donatien Nshole ya zauna gaban 'yan jarida a Kinshasa, babban birnin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, ya faɗi maganar da ta tayar wa gwamnati hankali. Kwana huɗu ke nan da zaɓen shugaban ƙasa. Hukumar zaɓe ba ta fitar da sakamako ba, gwamnati kuma ta katse intanet da saƙon tes a faɗin ƙasar. Shi kuwa sai ya ce alƙaluman da ke hannun cocinsu sun nuna wanda jama'a suka zaɓa, don haka hukumar ta ji tsoron Allah ta faɗi gaskiya. Bai kama suna ba, domin doka ta hana kowa bayyana sakamako in ba hukumar ba. Amma kowa ya gane karatun.

Da muka fara cin karo da wannan labari, abin da ya ɗaure mana kai shi ne: ta yaya coci zai san sakamakon zaɓen ƙasa guda? Kongo fa ta ninka Najeriya sau biyu da rabi a faɗin ƙasa, ga dazuzzuka da manyan koguna, ga ƙarancin titin kwalta. Akwai garuruwan da sai a jirgin sama ko kwalekwale ake isa gare su. Amsar da muka samu ita ce cocin ya baza masu sa ido kimanin 40,000 a rumfunan zaɓe. To, a ina ya samo mutum 40,000 da suka iya karatu da lissafi, suka san ƙauyukansu, kuma suke da wanda za su kai wa rahoto? Wannan ba abu ne da ake haɗawa cikin wata guda ba. Sai an duba yadda aka gina cocin tun daga tushe.

Daga tsakar gida zuwa Kinshasa

Kongo ce ƙasar da ta fi kowace yawan mabiya Katolika a Afirka. Alƙaluman fadar Batikan sun ce sun haura miliyan 50, wato kusan rabin al'ummar ƙasar. Mu lura dai cewa rabon da a yi cikakkiyar ƙidayar jama'a a Kongo tun 1984, saboda haka duk lissafin mutanen ƙasar kiyasi ne.

Matakin farko na tsarin ba ginin coci ba ne, tsakar gida ne. A kowace unguwa ana haɗa iyalai maƙwabta su zama ƙaramar ƙungiya, wadda a taƙaice suke kira CEVB da Faransanci, ma'ana ƙaramar al'ummar coci mai rai. Sau ɗaya a mako suke taruwa a gidan ɗaya daga cikinsu. Su karanta Littafi Mai Tsarki, su yi addu'a, sannan su shiga maganar unguwa: wane ne ba shi da lafiya, gidan wa aka yi rasuwa, wane miji da mata ne ke bukatar sulhu, ɗan wa aka koro daga makaranta saboda kuɗi. Sai a yi karo-karo. Suna da shugaba da magatakarda da ma'aji, dukansu mutanen gari ne ba limamai ba. Tun 1961 bishop-bishop na ƙasar suka yanke shawarar kafa irin waɗannan ƙungiyoyi, shekara guda bayan samun 'yancin kai.

Sama da su akwai cocin yanki, inda limami yake, wanda a nan gida muka saba kira Fada. A birni yankinsa unguwanni kaɗan ne. A karkara kuwa yakan haɗa ƙauyuka masu yawa, har ta kai wani ƙauyen ba ya ganin Fada sai 'yan lokuta a shekara, in ya iso a kan babur ko cikin kwalekwale. Sauran ranakun, malamin da aka horar daga cikin mutanen ƙauyen shi ke jan addu'ar Lahadi, ya koyar da yara, ya riƙe littafin sunayen waɗanda aka haifa da waɗanda suka yi aure.

Cocin yankuna da dama su ke haɗuwa su zama dayosis, wato ƙasar da bishop ɗaya ke jagoranta, kamar yadda muke da dayosis na Kano da na Sakkwato. Kongo na da dayosis 48. An rarraba su rukuni shida, kowane a ƙarƙashin babban bishop da ke zaune a Kinshasa, Kananga, Mbandaka, Kisangani, Bukavu ko Lubumbashi. Fafaroma ne ke naɗa kowane bishop, kuma shi kaɗai ke iya sauke shi. Shugaban ƙasa ba ya iya korar bishop yadda yake korar minista, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa bakinsu ke da kaifi.

A can sama kuma akwai majalisar bishop-bishop ta ƙasa, wadda ake kira CENCO. Ba ta mulkin bishop-bishop, zauren shawara ce, amma tana da sakatariya a Kinshasa da hukumomi na ilimi, lafiya, agaji, da wata mai suna Adalci da Zaman Lafiya wadda ke da reshe a kowane dayosis. Donatien Nshole babban sakataren wannan majalisa ne. In takarda ta fito daga ofishinsa, sai ta bi wannan tsani ta sauka: bishop, Fada, malamin ƙauye, shugaban ƙungiyar unguwa. Ran Lahadi a karanta ta da Lingala ko Suwahili ko Kikongo ko Chiluba, manyan harsunan ƙasar huɗu. Rahoto ma ta nan yake hawa.

Matasa ma ba a bar su a baya ba. Yara na da ƙungiyar Kizito da Anuarite. Anuarite wata Sista ce 'yar Kongo da 'yan tawaye suka kashe a 1964 tana da shekara 24. Samari da 'yan mata kuwa na da Bilenge ya Mwinda, wato matasan haske, wadda Fada Ignace Matondo ya kafa a unguwar Matete ta Kinshasa a 1974. A irin waɗannan wurare sa'o'inku ke koyon jan taro, rubuta bayanin zama, da riƙon kuɗin jama'a.

Tarihin da ba duka ke da daɗin ji ba

Kiristanci ya daɗe a wannan yanki. A 1491 'yan Fotugal suka yi wa sarkin tsohuwar daular Kongo, Nzinga a Nkuwu, baftisma, kuma a 1518 aka ɗaga jikansa Henrique zuwa muƙamin bishop. Amma cocin da ake gani yau ya kafu ne a zamanin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, wanda ya mayar da Kongo gonarsa ta kansa daga 1885 zuwa 1908. Lokacin ne aka tilasta wa mutane tatso roba, aka ƙona ƙauyuka, aka yanke hannuwa. A 1906 gwamnatin Leopold ta ƙulla yarjejeniya da Batikan: a ba 'yan mishan na Katolika filaye, su kuma su buɗe makarantu. Masu wa'azin da suka fi tona asirin ta'asar roba 'yan Furotesta ne daga Ingila da Amurka da Suwidin. Akasarin limaman Katolika 'yan Beljiyam shiru suka yi.

Makarantun mishan sun koya wa miliyoyin yara karatu, amma an tsayar da yawancinsu a firamare. Jami'ar farko, Lovanium, wadda ta Katolika ce, sai 1954 ta buɗe. Ranar da ƙasar ta sami 'yanci a 1960, 'yan Kongo masu digiri ba su kai 30 ba. Akwai kuma yaran da Turawa suka haifa da matan Kongo, waɗanda aka raba da iyayensu mata aka tsare a gidajen mishan. Sai a 2017 cocin Beljiyam ya nemi gafara kan wannan, gwamnatin ƙasar ta biyo baya a 2019. Mun kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka cocin ya taso ne a gefen talaka. Da farko ƙafa ɗaya ne na murhun mulkin mallaka, sauran biyun gwamnati da kamfanoni.

Mutumin da ya fi kowa sauya masa fuska shi ne Joseph-Albert Malula, wanda ya zama babban bishop na Kinshasa a 1964, ya zama Kadinal a 1969. Burinsa coci ya zama na 'yan Kongo, a harshe da kiɗa da shugabanci. A 1975 ya fara damƙa ragamar wasu cocin yankuna a hannun magidanta masu aure da sana'a, waɗanda ake kira bakambi. Ya kuma tsaya kai da fata kan salon ibada irin na gida, mai ganguna da rausaya da ambaton magabata na gari. Batikan ta amince da salon a 1988, kuma Fafaroma Francis ya ja ibada da shi a Rum a 2019.

Malula bai sha da daɗi ba a hannun Shugaba Mobutu. A 1971 Mobutu ya sauya sunan ƙasar zuwa Zayar, a 1972 ya hana sunayen baftisma na Turawa, shi kansa ya jefar da sunansa Joseph-Désiré. Da Malula ya nuna rashin yarda, aka kore shi daga gidansa, ya yi 'yan watanni yana gudun hijira a Rum. Aka haramta ƙungiyoyin matasa na addini. A 1974 aka cire Kirsimeti daga ranakun hutu, gwamnati ta ƙwace makarantun coci, aka maye darasin addini da koyar da aƙidar Mobutu. Ba a je ko'ina ba makarantun suka lalace. A 1977 gwamnati da kanta ta mayar wa ƙungiyoyin addini ragamarsu bisa yarjejeniya: makaranta ta gwamnati ce, albashi na gwamnati ne, gudanarwa ta coci ce. Har gobe haka tsarin yake.

Wannan ɓangaren ya shafe ku kai tsaye a matsayinku na ɗalibai. A farkon shekarun 1990 tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, albashin malamai ya zama ba ya sayen komai, suka shiga yajin aiki. Don kada makarantu su mutu, cocin da ƙungiyoyin iyaye suka fito da dabarar cewa iyaye su riƙa tara kuɗi suna cika wa malamai albashi. An ce na wucin gadi ne, sai ga shi ya shafe fiye da shekara 25. Makarantu sun rayu, amma ɗan talakan da ubansa bai biya ba, gida ake koro shi. Sai a Satumban 2019 gwamnati ta ayyana firamare kyauta. A wasu yankunan da babu banki kuwa, hukumar agaji ta cocin, Caritas, ita gwamnati ta ba aikin kai wa malamai albashinsu. Ku duba fa: gwamnati ce ke neman coci ya kai mata kuɗi inda ita ba ta iya kaiwa.

Ƙararrawar daren Alhamis

Karon farko da wannan tsari ya fito titi shi ne 16 ga Fabrairun 1992. Gwamnatin Mobutu ta dakatar da babban taron ƙasa da Babban Bishop Laurent Monsengwo ke shugabanta. Bayan ibadar Lahadi, jama'a suka fito daga coci-coci na Kinshasa riƙe da Littafi Mai Tsarki da carbi da kyandir. Sojoji suka buɗe wuta. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce aƙalla mutum 35 suka mutu. A watan Afrilu aka sake buɗe taron.

Bayan shekara 24 aka koma gidan jiya. Wa'adin Shugaba Joseph Kabila na biyu, kuma na ƙarshe a tsarin mulki, ya ƙare ranar 19 ga Disamban 2016, ba a shirya zaɓe ba. Bishop-bishop, ƙarƙashin Marcel Utembi na Kisangani, suka zaunar da gwamnati da 'yan adawa a ginin cocin da ke Kinshasa, har aka sa hannu kan yarjejeniya a daren 31 ga Disamba: a yi zaɓe kafin ƙarshen 2017, Kabila kuma ba zai nemi wa'adi na uku ba. Shekarar 2017 ta zo ta wuce babu zaɓe.

A Disamban 2017 limaman Kinshasa suka fara kaɗa ƙararrawar coci kowace Alhamis da ƙarfe tara na dare, na tsawon minti 15, jama'a na amsawa daga gidajensu da bugun tukwane da usur da hon na mota. Sai wani kwamiti na mabiya, ba limamai ba, ya kira tattaki sau uku: 31 ga Disamba, 21 ga Janairun 2018 da 25 ga Fabrairu. Dabararsu ita ce babu dandali guda da za a taru. Kowa ya je cocin unguwarsu, in an idar da ibada a fito. Kinshasa na da cocin yanki sama da 150, ka ga kuwa tare su duka ba ƙaramin aiki ba ne.

Jami'an tsaro sun yi ƙoƙarin hakan. An harba barkonon tsohuwa cikin coci, an kama limamai har da yara masu yi wa Fada hidima. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce aƙalla mutum biyar aka kashe a tattakin farko, shida a na biyu. Cikinsu akwai Thérèse Kapangala, 'yar shekara 24 da ke shirin zama Sista, wadda harsashi ya samu a harabar cocinsu a unguwar Kintambo. A tattaki na uku aka harbe Rossy Mukendi, matashin malamin jami'a, a cocin Saint Benoît da ke Lemba. Monsengwo, wanda a lokacin ya zama Kadinal, ya fito ya ce lokaci ya yi da marasa ƙwarewa za su kauce su ba ƙasa wuri. A watan Agustan 2018 Kabila ya tsayar da Emmanuel Ramazani Shadary a matsayin ɗan takarar ɓangarensa. Ba cocin kaɗai ya jawo hakan ba, akwai matsin lambar ƙasashen waje da na ƙungiyoyin matasa irin su Lucha, amma babu mai musun rawar da ya taka.

Ranar ƙirga

Yanzu mun dawo kan mutum 40,000 ɗin nan. Hukumar Adalci da Zaman Lafiya ta horar da masu horarwa, su kuma suka koma dayosis-dayosis suka horar da waɗanda cocin yankuna suka turo: malaman makaranta, ɗalibai, shugabannin ƙungiyoyin unguwa. Aikin kowane ɗaya mai sauƙin faɗi ne. Ya isa rumfarsa da sassafe, ya zauna har a gama ƙirga, ya kwafe alƙaluman takardar sakamakon rumfar, ya aika cibiyar tattara bayanai a Kinshasa. Dabarar ita ce, ana iya murɗe jimilla a ofishin da babu mai gani, amma in wani na riƙe da sakamakon dubban rumfuna daga kowane lungu, zai iya yin nasa lissafin ya gwada da wanda aka sanar.

Kafin asubahin 10 ga Janairu, shugaban hukumar zaɓe Corneille Nangaa ya sanar cewa Félix Tshisekedi ya sami kashi 38.5 cikin 100, Martin Fayulu ya sami kusan 35, Shadary kusan 24. A ranar majalisar bishop-bishop ta ce wannan bai yi daidai da abin da masu sa idonta suka tattara ba. Bayan 'yan kwanaki jaridar Financial Times da rediyon RFI suka wallafa alƙaluman da aka kwarmata, na cocin da na rumbun hukumar zaɓen kanta, duka suna nuna Fayulu ya sami kimanin kashi 60. Hukumar ta musanta. Kotun tsarin mulki ta tabbatar da Tshisekedi, aka rantsar da shi ranar 24 ga Janairu, karo na farko tun 1960 da mulki ya sauya hannu a ƙasar ba da bindiga ba.

Wato ƙirgar cocin ba ta sauya wanda ya hau kujera ba. Wasu masu sharhi na ganin ta dai hana a ayyana ɗan takarar Kabila. A namu ganin, ko da hakan gaskiya ne, wanda ya tsaya a layi ya zaɓi Fayulu ba zai ji sanyi da wannan bayani ba.

Akwai masu sukar cocin a cikin ƙasar, kuma ba duk sukar ce ta banza ba. Suna cewa babu wanda ya zaɓi bishop, to da wane hurumi yake yi wa zaɓaɓɓu hisabi? Suna nuni da cewa kuɗin aikin sa idon da dama daga Turai da Amurka yake zuwa. Sannan sauran rabin 'yan ƙasar ba Katolika ba ne: akwai 'yan Furotesta, mabiya cocin Kimbangu, sababbin coci-coci na farkawa, da Musulmi, waɗanda suka fi yawa a lardin Maniema da gabashin ƙasar. A dokar Kongo, ƙungiyoyin addini ne ke gabatar da sunan shugaban hukumar zaɓe. A 2021 su takwas suka zauna, shida ciki har da ta Musulmi suka goyi bayan Denis Kadima, Katolika da babbar ƙungiyar Furotesta suka ce ya cika kusanci da fadar shugaban ƙasa. Kadima aka naɗa. Ana cikin wannan taƙaddama wasu matasa suka je gidan Kadinal Fridolin Ambongo a Kinshasa suna jifa da zagi.

A zaɓen Disamban 2023 Katolika da Furotesta suka haɗa tawaga guda ta masu sa ido kimanin 25,000. Sun lissafa kura-kurai masu yawa, amma suka ce ɗan takara ɗaya ya yi wa sauran fintinkau da fiye da rabin ƙuri'u. Hukumar ta ba Tshisekedi kashi 73. Wannan karon 'yan adawa ne suka ji haushin cocin.

A ƙarshen Janairun 2025 'yan tawayen M23 suka kama Goma, babban birnin lardin Kivu ta Arewa. Ranar 12 ga Fabrairu wata tawagar shugabannin Katolika da Furotesta ta isa birnin don neman hanyar sulhu, jam'iyyar shugaban ƙasa na cewa ba da yawunta ba. Donatien Nshole na cikin tawagar. Wanda ya karɓe su a madadin 'yan tawayen kuwa shi ne Corneille Nangaa, tsohon shugaban hukumar zaɓen da ya karanta sakamakon 2018, wanda a yanzu yake jagorantar ƙawancen siyasar da M23 ke ciki.